Sulke, Lifidi da Dakusasshen Takobi: Me Kayan Kariya Ke Tarewa, Me Ke Ratsa Su?

Tun da bidiyoyin wasan takobi na ƙasashen Turai suka fara yawo a Facebook da TikTok, wata muhawara ta samu wurin zama a majalisun matasan Kaduna, musamman waɗanda suka tashi suna zuwa kallon hawan Sallah a Zariya. A bidiyon akan ga ƙarti biyu cikin kayan ƙarfe daga kai har ƙafa suna maka wa juna takobi iya ƙarfinsu, in an tashi su cire hula su gaisa. Wani ya ce takubban na roba ne, wani ya ce muddin an dakushe kaifi ko riga mai kauri ta wadatar, wani kuma ya ce sulken da ke jikin mahayan Sarkin Zazzau ya fi duk waɗannan kaya. Gasar wasan takobi ta nahiyar Afirka da aka yi a Legas a watan Yunin 2025 ta ƙara jawo hankalin mutane ga lamarin, har wasu suka fara tunanin gwadawa da abin da ke hannunsu.

Ruɗanin ya samo asali ne daga haɗa tambayoyi biyu wuri guda. Ta farko ita ce ko kayan kariyar za su jure duka ba tare da sun fashe ko sun huje ba. Ta biyu ita ce ko jikin da ke cikin kayan zai jure. Sau da yawa amsar ta farko "i" ce alhali amsar ta biyu "a'a" ce.

Ma'anar kalmomin

Dakusasshen takobi, a bakin masu wannan wasa, takobi ne na ƙarfe da aka ƙera tun asali ba kaifi ba tsini: bakinsa na da kaurin milimita 2 ko fiye, ƙarshensa kuma a naɗe ko a faɗaɗe. Ya sha bamban da takobin yaƙi da aka goge wa kaifi da dutse.

Wasannin da ake gani a bidiyo kuwa ba iri ɗaya ba ne. Akwai wasan takobi na Olamfik, wanda takubbansa sirara ne, nauyinsu bai wuce giram 500 zuwa 770 ba. Akwai HEMA, wato farfaɗo da dabarun takobi na Turawan dā daga tsofaffin rubuce-rubuce, inda doguwar takobin hannu biyu kan kai kusan kilo ɗaya da rabi, 'yan wasa kuma su sa hular raga, wato hula mai ragar ƙarfe da ke rufe fuska, da riga mai ciko da safar hannu mai tauri. Sai buhurt, na masu cikakkun kayan ƙarfe, wanda babbar gasarsa ta ƙasa da ƙasa ta fara a Yukiren a 2010. A Japan akwai kendo, da ake yi da takobin gora. Kowane wasa an ɗinka kayansa daidai da makaminsa da dokokinsa, kuma akan yi kuskure idan aka ɗauki kayan wannan aka shiga wancan.

Abin da dakushewa ke cirewa

Takobi yana cutarwa ta hanyoyi uku: sara da kaifi, suka da tsini, da kuma nauyin duka. Dakushewa tana kawar da ta farko, tana rage ta biyu, amma ta uku tana nan yadda take. Ƙarfe mai kilo ɗaya da rabi da aka wurwura da hannu biyu ba ya rasa nauyinsa don an cire masa kaifi, kuma duk ƙarfin dukan yana sauka ne a kan siririn layi mai faɗin milimita kaɗan. Wannan ya isa ya fasa fata a inda ƙashi ke kusa, kamar goshi, ƙwauri da gwiwar hannu, ya kuma isa ya karya ɗan yatsa. Masana kimiyya sun nuna cewa idan gudun abu ya ninka biyu, ƙarfin da yake ɗauke da shi yana ninkuwa huɗu, shi ya sa bambancin da ke tsakanin taɓawa da makawa ya fi yadda ido ke gani nesa ba kusa ba.

Kayan kariya suna da ayyuka uku a gaban wannan ƙarfi: su hana ƙarfe shiga jiki, su baza dukan a wuri mai faɗi, su kuma shanye wani ɓangare nasa kafin ya kai ƙashi. Da wuya a samu abu ɗaya da ke yin ukun duka, don haka mayaƙan dā na kowace ƙasa suke sa kaya hawa-hawa.

Sulke da lifidi

Hausawa sun daɗe da sanin wannan. Tarihin Kano ya ambaci Sarki Kanajeji, wanda aka ƙiyasta mulkinsa tsakanin 1390 da 1410, a matsayin wanda ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke, saboda yawan mutanen da ya rasa a yaƙi. Shi ne kuma ya kawo yaƙi har Turunku, wadda a yau take cikin ƙaramar hukumar Igabi, Zagezagi suka kore shi a karon farko. A 1823 wani Baturen Ingila mai yawon bincike, Denham, ya ga mahayan dawakin Shehun Borno cikin sulke a kusa da Kukawa. Irin waɗannan kaya ne aka fito da su a Kaduna a babban hawan da aka yi wa Sarauniyar Ingila a 1956, da kuma na bikin FESTAC a 1977. Abin lura shi ne, tun a waccan ruwaya ta Kanajeji ba a ambaci sulke shi kaɗai ba, tare da lifidi aka ambace shi.

Sulke riga ce ta dubban ƙananan zobban ƙarfe da aka sarƙa, kowane zobe riƙe da huɗu. A gaban sara babu kamarsa, domin kaifi ba ya samun abin da zai yanka. Sai dai yana lanƙwasa kamar yadi, kuma abin da ke lanƙwasa ba ya baza duka. Idan dakusasshen takobi ya sauka a kan haƙarƙari ko allon kafaɗa, sulken zai iya fita lafiya ƙalau, ƙashin da ke ƙarƙashinsa ya tsage. Wani lokaci ma zobban ne ke nitsewa cikin fata su bar shaidarsu. Wato a wasan da aka riga aka cire kaifi, sulke yana maganin matsalar da babu ita, yana barin wadda ke akwai.

Ƙarkon sulken kansa ya danganta da yadda aka rufe zobban. Na yaƙi na gaskiya ana faɗaɗa bakin zoben a huda a daka masa 'yar ƙusa, irin wannan yana shan duka na tsawon lokaci. Wanda aka lanƙwasa waya kawai aka haɗa bakinta, kamar yawancin na ado da na fim, zobbansa suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya har rami ya bayyana.

Lifidi kuwa, wanda ake cusa wa auduga ko audugar rimi a ɗinke shi layi-layi, shi ne ya fi kusa da abin da mai wasan dakusasshen takobi ke buƙata, domin aikinsa shanye duka ne. Rigar da 'yan HEMA ke sawa a yau ƙanwarsa ce a tsari. Amma cikon yana da iyaka: yana rage kumburi da taruwar jini a cinya da damtse, inda nama ke da kauri, ba ya hana karaya a gaɓa. Haka nan yana mutuwa da amfani, domin duk wurin da ya sha duka audugar takan dunƙule ko ta gudu gefe, rigar ta ci gaba da kama da sabuwa a ido alhali ta zama fanko a daidai inda aka fi bugu. Don haka ake ɗora roba mai tauri a kan gwiwar hannu, gwiwar ƙafa, ƙwauri da ƙirji.

Farantin ƙarfe da maganar kai

Cikakkun kayan farantin ƙarfe na Turawan ƙarni na 15 nauyinsu yakan kai kilo 20 zuwa 25, kuma takobi, ko mai kaifi ne, ba ya yanka su. Malaman takobi na Jamus da Italiya na wancan zamani sun san haka, shi ya sa suke koyar da a kama tsakiyar takobi da hannun hagu a nemi hamata, maƙogwaro ko ramin ido, ko kuma a koma ga gulma da gatari. A wasan yau faranti mai kyau yana lotsawa kaɗan-kaɗan, a daddaka shi ya koma. Abin da ke fara lalacewa shi ne maɗaurin fata, ƙusoshin gaɓoɓi da maɓallai, kuma da zarar maɗauri ɗaya ya tsinke, farantin ya goce ya bar wurin da yake karewa a buɗe. Dokokin buhurt sun haramta suka gaba ɗaya saboda wannan dalili, domin babu kayan ƙarfen da ba su da ƙofa. Sarkin Faransa Henri na Biyu yana cikin cikakkun kaya a wasan mashi na 1559 lokacin da tsinken karyayyen mashi ya shiga ta gaban hularsa, ya rasu bayan kwana goma.

Kai shi ne wurin da tambayoyin nan biyu suka fi rabuwa. Kwalkwali mai kauri yana hana ƙoƙon kai fashewa, amma ƙwaƙwalwa tana cikin ruwa ne a cikin ƙoƙon, kuma idan duka ya fizgi kai ko ya juya shi da sauri, takan bugu da bangon da ke kewaye da ita. Babu hular da aka ƙera da ke kawar da wannan gaba ɗaya. Ciko mai kyau, nauyin hular da ƙarfin wuya suna ragewa ne kawai. Mutum zai iya cire hula ba ko ƙwarzane a jikinta, shi kuwa yana fama da jiri, ciwon kai, tashin zuciya, ko mantuwar abin da ya faru. Likitoci sun yi ittifaƙi cewa wanda ya nuna waɗannan alamu ba ya komawa wasa a ranar, kuma duka na biyu kafin a warke ya fi na farko haɗari. Idan amai ya maimaitu, ko barci mai nauyi ya zo, ko magana ta harɗe, asibiti ake nufa nan take.

Lambobin da ke jikin kaya

Wanda ya leƙa shafukan sayar da kayan wasan takobi zai ga an rubuta 350N, 800N ko 1600N. Harafin N yana nufin Niyuton, ma'aunin ƙarfi, kuma Niyuton 10 ya yi kusa da nauyin kilo ɗaya. Ana samun lambar ne ta hanyar danna siririn ƙarfe a kan yadin har sai ya huda shi. Wato lambar tana auna juriya ga huji, ba ta cewa komai game da shanye duka. Riga mai 800N tana iya zama siririya, ta hana karyayyen takobi shiga, ta bar haƙarƙari ya sha wuya. A hular raga ma, 350N ko 1600N na yadin da ke rufe maƙogwaro ne. Ragar kanta ana gwada ta daban, da ƙarfe mai danna nauyin kilo 12.

Waɗannan ƙa'idoji sun tsananta ne bayan wani mummunan haɗari. A gasar duniya ta 1982 a birnin Rum, takobin abokin karawar Vladimir Smirnov na Tarayyar Sobiyet, wanda ya ci zinare a Olamfik ta 1980, ya karye, guntun ya ratsa ragar hularsa ya shiga ta ido, ya rasu bayan kwanaki. Daga nan aka koma ga ƙarfen da ba ya saurin karyewa, da yadi mai hana huji, da raga mai ƙarfi. Sai dai an tsara hular ne don siririn takobi. Doguwar takobin HEMA takan lotsa ragar, hular kuma ba ta rufe ƙeya, shi ya sa ake ƙara mata murfi mai ciko da makarin wuya mai tauri. Ragar da ta lotsa ko ta yi tsatsa ta gama aiki, ko da an miƙar da ita.

Hannu ne ya fi kowane wuri shan rauni a wasan doguwar takobi, domin shi ne a gaba, ƙasusuwansa ƙanana ne, kuma yatsa kan matse tsakanin takobin abokin wasa da ƙotar mai shi. Safar walda, ta babur ko ta aikin gini ba a yi su don wannan ba. Wadda ke aiki ita ce mai ɓawon roba ko ƙarfe da ke kai dukan ga ƙota maimakon yatsa, ita ma takan tsage a wurin babban yatsa.

Takobin ma yana gajiya

Duk lokacin da ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, bakin takobi yana samun 'yan tsage-tsage, waɗanda idan ba a goge su ba sukan zama kamar haƙoran zarto, su yaga riga da fata. Daga irin waɗannan wurare ne karaya ke farawa, kuma takobin da ya karye ya daina zama dakusasshe, domin bakin karayar yana da kaifi da tsini. Takobin atisaye na gaskiya ana gasa ƙarfensa a daidaita shi yadda zai lanƙwasa idan an yi suka ya dawo. Na ado da ake sayarwa don rataya ko don hawa yawanci ba ya lanƙwasa, kuma sashen da ke shiga ƙota siriri ne ko an yi masa walda, yana iya tsinkewa ruwan takobin ya tashi sama ya nufi 'yan kallo.

Inda masu wasan suka saɓa

Ɓangare ɗaya yana ganin a cika kaya a bar mutane su yi da gaske, domin a cewarsu dabarar da ba a gwada da cikakken gudu ba ba a san ingancinta ba. Hujjarsu ita ce ana yin gasa da yawa a ƙasashe daban-daban, mafi yawan raunukan kuma ba su wuce kumburi da targaɗe ba.

Ɗaya ɓangaren yana cewa yawan kaya yana sa sakaci: wanda ya ji ya rufu yakan daina kare kansa, abokinsa kuma ya ƙara ƙarfin hannu, har a cinye ribar da kayan suka kawo. Suna ƙarawa da cewa kaya masu nauyi suna ɓata motsi, mutum ya koyi abin da ba zai yiwu ba da a ce takobin na da kaifi. Su sun fi son kaya kaɗan, gudu kaɗan, da horo mai tsawo kan riƙe hannu.

Akwai na uku da ke cewa a sauya makamin: a yi da roba, soso ko gora. Wannan yana rage haɗari da tsada, ko da yake takobin roba yana zamewa ba kamar ƙarfe ba. Katako mai tauri kuwa ba sauƙi ba ne kamar yadda ake zato, tunda ba ya lanƙwasa ko kaɗan, sukansa yana sauka gaba ɗaya.

Idan aka auna, kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya, amma akwai abin da dukkansu suka yarda da shi: fuska, maƙogwaro, hannu da al'aura ba a barin su a buɗe ko da wasa a hankali ake yi, kuma ƙarfin da mai bugu ya zaɓa ya fi kaurin kowace riga tasiri.

Yadda abin ya shafi mutumin Kaduna

Kayan da suka cika ƙa'ida daga waje ake sayo su da kuɗin ƙetare, don haka matashin da ya yi sha'awa zai fara duba abin da ke kusa: hular kwano ta babur, jaket mai kauri daga gwanjon Kasuwar Barci, da takobin da wani maƙeri ya fitar daga sifirin ɗin mota. Hular kwano an yi ta ne don faɗuwa ɗaya, soson cikinta yana murƙushewa ba ya dawowa, gilashin gabanta kuma ba ya tare suka. Jaket ba ya kare gaɓa. Masu sana'ar Panteka da dukawa da maɗinkan lifidi suna da hannun da za su iya yin makarin ƙwauri, na ƙirji da riga mai ciko masu kyau, kuma nan akwai kasuwa idan wasan ya bunƙasa. Hular raga da ruwan takobi ne ba a yi musu gwaji da ido, domin aibinsu ba ya bayyana sai ranar da suka gaza.

Yanayi ma yana da nasa hukunci. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kaduna kan haura digiri 35, minti kaɗan cikin riga mai ciko da rufaffiyar hula sun isa su jawo jiri da suma, wanda ya gaji kuma shi ne ke kasa riƙe hannunsa. Damina tana kawo tsatsa ga raga da zobba, gumi yana cin ɗinki, hunturu kuma yana busar da maɗaurin fata har ya tsage.

Masu shirya finafinan tarihi da wasannin makaranta suna cikin waɗanda abin ya fi shafa, domin 'yan wasansu kan fito da fuska a buɗe. A irin wannan aiki kariyar tana cikin tsara kowane motsi tun kafin a ɗauka, da tazara, da amfani da takobin roba ko na ƙarfe marar nauyi, tunda kayan da ke jikinsu na ado ne. Gidajen sarauta da ke riƙe da tsohon sulke na gado kuwa suna da dalili biyu na hana a gwada shi: ba zai kare mai sanye da shi daga karaya ba, kuma zoben da ya shekara ɗari ko fiye idan ya fashe, da wuya a sami mai mayar da irinsa.

Akan kuma ji masu cewa wanda ya sha maganin ƙarfe ba ya buƙatar kaya. Ko a bakin 'yan tauri kansu, da'awar ta yanka ce da huji, ba ta karayar ƙashi ko girgizar ƙwaƙwalwa ba, waɗannan kuwa su ne ainihin haɗarin dakusasshen takobi.

Sai batun hukuma. A garin da ya sha fama da 'yan sara-suka, jami'in tsaron da ya tare matashi da takobi a hanya ba zai tsaya auna kaurin bakinsa ba. Duk ƙungiyar da ke son yin wannan wasa tana buƙatar keɓaɓɓen wuri, da babba mai sa ido, da sanin hukuma, kuma a riƙa ɗaukar kayan a rufe cikin jaka. Idan rauni ya faru a yatsa, musamman kusa da gaɓa, a fara da ɗaukar hoto a asibiti kafin a je wurin mai ɗori, domin karayar da ta shiga gaɓa idan ta haɗe a karkace yatsan kan sandare. Rauni a ido kuwa ba a wanke shi ko a matsa shi: a rufe shi da abu mai tsabta ba tare da dannawa ba, a wuce Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke nan Kaduna ko asibiti mafi kusa.